FITSARIN DA KE KUƁUCE MA MACE IN TA YI TARI: MI AIKIN LIKITA KE IYA YI?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, a wanga wata za mu yi magana bisa wata cuta wadda mata da yawa ke fama da ita a ɓoye. Babu garin da babu ita. Amma ba a jin labarinta bakin rijiya, ba a jin shi wajen biki, don kunya ta hana.

Ga yadda take. Mace tana zaune, zanenta a bushe. Sai tari ya zo mata, ko atishawa, ko dariya. Nan take fitsari shi kuɓuce mata, ba da sonta ba. Wata sai in ta ɗaga tulu, ko tana jan guga, ko tana daka. Wani lokaci ɗigo biyu ne, wani lokaci har zane shi jiƙe.

Mai wagga cuta tana rage shan ruwa ko cikin zafin bazara. Tana daina zuwa kasuwa da suna da biki don tsoron wari. In lokacin salla ya yi, tana shakkar tsarkinta. Wata har zamanta da mai gida shi ɓaci. Da yawa sukan ce ai haihuwa ce, ai tsufa ne, sai haƙuri.

Haƙuri abu ne mai kyau, amma cutar tana da magani. Akwai wanda mace ke yi da kanta cikin ɗakinta, ba ta kashe ko dala ba. Akwai kuma aikin fiɗa da likitoci ke yi a asibiti. Aikin shina warkar da mafi yawan mata, amma ba kowa ba. Don haka ya kamata mace da mijinta su san gaskiyar abin kafin su ɗauki hanya. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za mu faɗi komi a fili.

ZUBAR FITSARI IRI UKU CE

Iri na farko shi ne wanda muka faɗa. Fitsari ba shi zuba sai an yi yunƙuri: tari, atishawa, dariya, gudu, ɗaukar kaya. In mace ta kwanta barci, tabarmarta ba ta jiƙewa. Tana jin fitsari kamar kowa, ta zagaya ta yi abinta.

Iri na biyu shi ne na matsuwa. Fitsari shi matsa ma mace farat ɗaya, kafin ta kai makewayi ya zubo. Tana yawan tashi da dare. A nan mafitsara ce ke matsewa da kanta tun lokaci bai yi ba. Wanga iri ana ba shi ƙwayoyi, ana kuma koya ma mace yadda za ta riƙa jinkirta fitsari kaɗan-kaɗan. Aikin da za mu yi bayani ba nashi ba ne. Wasu mata suna da na farko da na biyu a haɗe.

Iri na uku shi ne yoyon fitsari, wanda kowa ya sani. Rami ne ya huje tsakanin mafitsara da gaban mace. Mafi yawa doguwar naƙuda ke kawo shi, ta kwana biyu ko uku, in kan jariri ya danne nama har naman ya mutu. Yankan gishiri ma shina kawo shi. Mai yoyo a jiƙe take dare da rana, ko tana zaune ko tana kwance.

Yaya ake ganewa? A gidan likita za a yi ma mace tambayoyi. Za a auna fitsarinta, don ciwon mafitsara mai sa zafin fitsari shi ma yakan sa zuba, kuma ƙwayoyi kaɗai ke kashe shi. Za a bar mafitsara ta cika, a ce ta yi tari, a duba ko ya fito. In ana zaton rami, sai a zuba ruwa mai launin shuɗi cikin mafitsara ta ƴar roba, a ga ko zai ɓullo ta wani wuri. Binciken ba shi da wuya. Mace tana iya neman ungozomar gidan likita ta tsaya tare da ita.

MI KE KAWO IRI NA FARKO?

Makiyayi ya san salka. In bakinta na ɗaure da kyau, ko jaki shina sassarfa ruwa ba shi zuba. In ɗaurin ya saki, kowane taki sai ruwa ya fantsamo. Mafitsara kamar salka take. Bakinta shi ne hanyar fitsari. Ta mace gajera ce, ba ta wuce santimita 4 ba.

A ƙarƙashin mafitsara da mahaifa akwai tsokoki da jijiyoyi da suka tallabe su, kamar yadda ragaya ke tallabe ƙwarya cikin ɗaki. In mace ta yi tari, ƙarfin cikinta shina danno mafitsara ƙasa. In ragayar na da ƙarfi, hanyar fitsari ta matse a kanta ta rufe. Masu garka sun san wanga abu. Ka taka tiyon ban ruwa bisa ƙasa mai tauri, ruwa ya tsaya. Ka taka shi cikin taɓo, sai shi nutse, ruwa shi ci gaba da wucewa.

Abubuwan da ke sassauta ragayar ga su: ciki da haihuwa, balle in sun yi yawa kuma kusa da kusa, naƙuda mai tsawo, babban jariri, tsufa, bayan jinin wata ya ɗauke, ƙiba mai yawa, tarin da ya daɗe, taurin bayan gida mai sa yunƙuri kullum, da ɗaukar kaya masu nauyi shekara da shekaru.

Ba maita ba ce, ba iskoki ba ne. Ba a ɗaukarta ta zama tare ko cin abinci ƙwarya ɗaya. Ba ƙazanta ba ce kuma. Malamai sun san wagga lalura, suna ce mata salasul bauli, kuma addini ya yi ma mai ita sauƙi wajen alwala da salla. A tambayi malami.

KAFIN A KAI GA WUƘA

Lokotoron kirki ba shi fara da wuƙa. Da motsa tsoka ake farawa. Wani likitan mata na Amurka, Arnold Kegel, shi ya yaɗa wagga dabara a shekarar 1948.

Ƴar'uwa, ga yadda za ki yi. Ki kwanta ko ki zauna. Ki matse ƙasanki kamar kina hana iska fita, kina kuma riƙe fitsari. Ki ja shi sama. Kada ki matse ciki ko cinyoyi, kada ki riƙe numfashi. Ki ƙirga har biyar, ki saki, ki huta kamar haka. In kin saba, ki kai ƙirga goma. Ki yi sau 8 ko fiye a zama ɗaya, zama uku kowace rana: safe, rana, dare. Ki riƙe haka wata 3 ba fashi. Kada ki mai da shi al'ada lokacin da kike cikin yin fitsari. Kuma duk sa'ad da za ki yi tari ko za ki ɗaga tulu, ki fara matsewa tukuna.

Yana aiki? A shekarar 2018 masana sun haɗa binciken da aka yi a ƙasashe dabam-dabam. Cikin mata 100 da suka yi motsa tsoka yadda ya kamata, 56 sun ce sun warke. Cikin 100 da ba su yi komi ba, 6 kaɗai suka ce haka.

Tare da wannan, a nemi maganin tari. Tarin da ya wuce sati 2 a kai shi awo. A yawaita miyar ganye da ruwa don bayan gida shi yi laushi. Kada a rage shan ruwa, don fitsari mai kauri shi ya fi wari, shi ya fi ƙona fata. Akwai kuma wani zobe na roba da ake sa ma mace a gaba don shi tallabe hanyar fitsari. Wasu asibitoci suna da shi.

In cutar ta yi nauyi, aiki ya fi motsa tsoka ƙarfi. A ƙasar Holan an raba mata 460 kashi biyu, an bayyana sakamako a 2013. Bayan shekara ɗaya, cikin 100 da aka fara da yi musu aiki, 91 sun ce sun samu sauƙi. Cikin 100 da aka fara da motsa tsoka, 64 suka ce haka, kuma kusan rabin wanga kashi sun koma an yi musu aiki kafin shekarar ta cika. Sauran rabin ba a taɓa su da wuƙa ba a wannan shekara.

AIKIN IRI NAWA NE?

Duk ayyukan manufarsu ɗaya ce: a mayar ma hanyar fitsari abin da za ta jingina da shi.

Na farko, ɗinki ta gaba. Wani likitan Amurka, Howard Kelly, ya bayyana shi a 1913. Ana tattaro naman da ke ƙarƙashin bakin mafitsara a ɗinke. Aiki ne mai sauƙi, amma ba shi daɗewa.

Na biyu, ratayewa ta mara. John Burch, shi ma na Amurka, ya fito da shi a 1961. Ana yanka ƙasan ciki, a sa zare gefe da gefen bakin mafitsara, a rataye shi ga wata jijiya mai ƙarfi da ke manne da ƙashin mara. Mace takan kwana kaɗan a asibiti.

Na uku, mu kira shi majanyin jiki. Kun san yadda majanyi ke tallabe goyo. Lokotoro shina yanko siririn tantani mai ƙarfi daga fatar cikin macen ko daga cinyarta. Shi ratsa shi ƙarƙashin hanyar fitsari, shi ɗaure bakunansa sama. Da naman jikinta aka yi mata gyara.

Na huɗu, majanyin roba. Siririyar raga ce ta roba, faɗinta kamar ɗan yatsa. Ulf Ulmsten na ƙasar Suwidin ya bayyana ta a 1996, ana ratsa ta ta bayan ƙashin mara. A 2001 wani likitan Faransa, Delorme, ya kawo wata hanya, ana fitar da bakunan ragar ta matsematsi. Yankan ƙarami ne. Aikin kamar rabin awa ne, mace takan koma gida ran nan ko washegari. Ragar tana zama cikin jiki har abada, nama shi bi ta cikin idanunta shi riƙe ta.

Akwai na biyar wanda babu yanka. Allura ce ake yi gefen hanyar fitsari, a cusa wani abu mai kauri don bakin shi matse. Ba shi da wahala, amma bai kai sauran ƙarfi ba, kuma sau da yawa sai an sake.

Ana yin waɗannan ayyuka da allurar baya mai kashe rabin jiki, ko da allurar barci. Mace ba ta jin zafi lokacin aikin.

MATA NAWA KE WARKEWA?

Manomi ba shi yabon iri sai ya auna damma. Likitoci ma sun auna. Mafi yawan awon an yi shi a Turai da Amurka, ga matan da ba su taɓa yin yoyon fitsari ba.

Ɗinki ta gaba: bayan shekara ta wuce, kusan mata 4 cikin 10 cutar takan dawo musu. Shi ya sa likitoci suka rage yin shi don wagga cuta.

Ratayewa ta mara: cikin shekarar farko, mata 85 zuwa 90 cikin 100 sun bushe. Bayan shekara 5, kamar 70 suka rage a bushe.

Majanyin jiki: a Amurka an gwada shi da ratayewa bisa mata 655, an bayyana a 2007. An tsananta ƙidaya ƙwarai, ƴar zuba kaɗan ma an lissafa ta rashin nasara. Bayan shekara 2, majanyi ya tsai da zuba ga 66 cikin 100, ratayewa ga 49. Da aka tambayi matan da bakinsu, 86 na majanyi da 78 na ratayewa sun ce sun gamsu. Amma masu majanyi sun fi samun ciwon mafitsara da wuyar fitar da fitsari.

Majanyin roba: an gwada hanyoyinsa biyu bisa mata 597 a Amurka, an bayyana a 2010. Bayan shekara ɗaya, awon likita ya nuna 81 cikin 100 sun warke ta hanyar bayan ƙashin mara, 78 ta hanyar matsematsi. Da aka bi ta bakin matan, waɗanda suka ce babu ko ɗigo 62 ne da 56. An kuma bi sawun matan farko da aka sa ma ragar a ƙasashen arewacin Turai. Bayan shekara 17, wajen 9 cikin 10 na waɗanda aka samu dubawa suna nan a bushe.

Mi za mu ɗauka a nan? In an yi ma mata 10 aiki mai kyau, kamar 8 za su warke ko su samu sauƙi mai yawa. Sauran za su ci gaba da ganin zuba, wata kaɗan, wata kamar da. Kuma ga wasu cutar tana dawowa bayan shekaru. Duk wanda ya ce miki aikin ba shi taɓa kuskure, bai gaya miki gaskiya ba.

ABIN DA KAN BIYO BAYAN AIKI

Kowane aiki da nashi haɗari. Gara a san shi tun da wuri.

Wani lokaci majanyi shina matsewa fiye da kima, fitsari shi ƙi fita da kyau. Sai a bar robar fitsari ƴan kwanaki. Ga kaɗan daga cikin mata sai an koma an sassauta. A wancan awo na 2010, kusan 3 cikin 100 na hanyar bayan ƙashi aka sake ma aiki saboda haka. Hanyar matsematsi kuwa ta fi kawo ciwo ko mutuwar jiki a cinya, wajen 9 cikin 100, wanda ga mafi yawa yakan wuce. Wata mace takan samu matsuwar fitsari wadda ba ta da ita da. Ƙarfen aiki yakan huda mafitsara wani lokaci. In an gani nan take, robar fitsari ta ƴan kwanaki tana isa ta warke.

Ragar roba tana da nata laifi dabam. Ga wasu mata takan ci nama ta ɓullo, ta kawo ruwa mai wari, ko jini, ko zafi wajen kwanciya da mai gida. Wasu sun samu ciwo mai tsanani na shekaru. Cire ta kuma aiki ne mai wuya, don nama ya riƙe ta. A Ingila an duba takardun mata fiye da 95.000 da aka sa ma ragar. Bayan shekara 9, an cire ta ga 3 cikin 100, an kuma sake ma 4 ko 5 cikin 100 aiki don zubar ta dawo. Uku cikin ɗari kamar kaɗan ne, amma cikin dubbai mutane ne masu yawa. Matan da suka sha wuya sun haɗa kai sun kai kuka. A watan Yuli na 2018 hukumomin Ingila suka dakatar da sa ragar, sai ga wadda ba ta da wata hanya. Wasu ƙasashe sun ci gaba da amfani da ita. Don haka, in za a sa miki wani abu cikin jiki, haƙƙinki ne a gaya miki ko minene.

MATAN DA AKA ƊINKE MA YOYO

A ƙasarmu akwai wasu mata da maganar ta fi shafa. Su ne waɗanda suka yi yoyon fitsari, aka ɗinke ramin, amma har yanzu suna jiƙewa in sun tashi tsaye ko sun yi tari. Cikin mata 10 da ramin ya rufe, daga 1 zuwa 3 sukan samu kansu haka, wani wuri ma fiye. Mutanen gari sukan ce aiki bai yi ba. Ramin ya rufe, bakin salkar ne ya lalace. Naƙudar da ta huda mafitsara takan cinye wani sashe na hanyar fitsari, ta bar tabo mai tauri, ta kuma rage girman mafitsara.

Gyaran wannan ya fi wuya. Likitoci sun yi wani bincike a babban asibitin Yamai, aka bayyana shi a 2010, bisa matan da aka sa ma majanyi bayan ɗinkin yoyo. Waɗanda suka bushe sarai ba su kai rabi ba. An kuma ga ragar roba ta fi cin nama ga waɗannan mata, don namansu ya riga ya yi tabo. Shi ya sa masu wanga aiki suka fi son naman jikin macen. A ƙasar Habasha, inda aka buɗe asibitin yoyo na Adis Ababa a 1974, wani likita mai suna Andrew Browning ya bayyana wata dabara a 2004. Shina ɗauko ƴar tsoka daga gefe da gefe, shi haɗe ta ƙarƙashin hanyar fitsari tun lokacin da ake ɗinke ramin.

Ƴar'uwa, in haka ya same ki, kada ki yanke ƙauna, kada kuma ki ɓuya. Ga wasu mata zubar tana raguwa da kanta cikin watannin farko, in suna motsa tsoka. Ki koma inda aka yi miki aiki a ranar da aka ba ki. Akwai masu wanga aiki kusa da mu. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu yoyon fitsari. A Danja, kusa da Maraɗi, an buɗe asibitin yoyo a 2012. A Maraɗi da Damagaram da Tawa akwai cibiyoyin lafiyar uwa da yaro. A ƙetaren iyaka, a Babbar Ruga ta Katsina, wani likita ɗan Holan, Kees Waaldijk, ya fara wanga aiki tun shekarun 1980. Amma kada ku ɗauki doguwar hanya haka kawai. Ku fara da gidan likitan da ke kusa da ku. Su za su ba ku takarda, su gaya muku inda za ku da ranar da za ku.

DOKOKIN BAYAN AIKI

Rabin nasara tana hannun lokotoro, rabi tana gida.

Mace kada ta yi daka, ko jan ruwa, ko ɗaukar itace da tulu, har sati 6. Babu kwanciya da mai gida har sati 6. In ɗinkin yoyo ne, wata 3 ko abin da lokotoro ya faɗa. Ta sha ruwa da yawa. Kada ta cusa wani magani a gabanta, ko na gargajiya ko na kasuwa. In fitsari ya ƙi fita, ko zazzaɓi ya zo, ko jini, ko ruwa mai wari, a koma gidan likita ran nan, kada a jira ranar kasuwa.

Sai maganar haihuwa. Sabon ciki da naƙuda suna iya warware gyaran da aka yi. Don haka likitoci sun fi son yin wanga aiki ga macen da ta gama haihuwa. Mai son ƙarin ɗiya ta faɗa ma lokotoro tun farko, ta riƙe motsa tsoka kafin nan. Wadda aka ɗinke ma yoyo kuwa, in ta samu ciki, ta je awo da wuri, kuma a asibiti za ta haihu, ta hanyar aiki. A 2005 gwamnati ta yanke cewa aikin fitar da jariri kyauta ne a asibitocinta.

Maza, ga naku. Ku ke ba da izini, ku ke biyan kuɗin mota. Ku zaɓi lokacin da aikin gona ya yi sauƙi, bayan an sa hatsi rumbu. Ku nemo wadda za ta yi daka da ɗiban ruwa na sati shida. In matarka ta ɗauki taɓarya sati biyu bayan aiki, kuɗinka da wahalarta sun tafi banza. Uwar miji da abokiyar zama su ma a yi musu bayani, don kada su ce ƙiwuya ce.

TAMBAYOYI BIYAR GA LOKOTORO

Kafin ki yarda da aiki, ki tambaya:

1. Wane iri ne nawa cikin ukun nan?
2. Na gwada motsa tsoka yadda ya isa?
3. Wane aiki za a yi mini, da naman jikina ko da roba?
4. In bai yi ba, mi ya rage?
5. Ina zan koma in na ga matsala?

Tambaya ba rashin kunya ba ce. Matambayi ba shi ɓata.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Kada a yi ma yarinya aure jikinta bai ƙosa ba. A bar tazara tsakanin haihuwa da haihuwa don jiki shi huta. Mai ciki ta je awo. Kada rana ta faɗi sau biyu bisa mace mai naƙuda, in ta wuni ko ta kwana ba ta haihu ba, a nemo amalanke ko mota. A bar yankan gishiri, aska ba ta san inda hanyar fitsari take ba. Mai jego ta fara motsa tsoka da zarar ciwon haihuwa ya lafa.

Kai da ka iya karatu, ke da kika iya karatu, kada ku ninke wagga jarida ku ajiye. Ku karanta ma matan gida. Malaman yaƙi da jahilci su kai maganar ajin mata. Ungozomomin ƙauye su tambayi masu jego a asirce. Wataƙila cikin gidanku akwai wadda ta yi shekara goma tana wanke tsumma da dare ba wanda ya sani.

Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya, amin.